Dakta Cicely Williams: Likitar da Ta Saurari Iyaye Mata

Duk ranar awo da safe, idan mutum ya leƙa ɗaya daga cikin ƙananan asibitocin garin Bauchi, zai tarar da mata zazzaune a kan benci, kowace da goyonta. Ma'aikaciyar lafiya takan ɗauki wani siririn tef mai launi uku, kore da rawaya da ja, ta naɗa shi a damtsen yaro. Idan awon ya faɗa cikin ja, wato kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, to yaron yana cikin haɗari. Daga nan sai ta danna babban yatsanta a kan ƙafafunsa duka biyu, ta ɗan dakata, sannan ta ɗaga. Idan wurin ya lotsa, bai koma daidai nan take ba, to abin da uwar take gani kamar ƙiba ba ƙiba ba ce. Kumburi ne.

Hausawa suna kiran ciwon rashin abinci mai gina jiki da sunan tamowa. Irin tamowar da ke zuwa da kumburi kuwa, likitocin duniya duka suna kiranta kwashiorkor, mu kuma mukan ce kwashiyoko. Wannan kalma ba ta Turanci ba ce, ba ta Latin ba ce, ba kuma ta Girkanci ba, kamar yadda sunayen yawancin cututtuka suke. Kalma ce ta harshen Ga, wanda mutanen Akara ta ƙasar Gana suke magana da shi. Yadda ta fito daga bakin matan Akara ta shiga littattafan likitanci, labari ne na rayuwar mace guda, Dakta Cicely Williams. Ana furta sunanta na fari Sisili.

An haifi Cicely ranar 2 ga Disamba, 1893, a wata gona da ake kira Kew Park, a yammacin tsibirin Jamaika. Kakanninta Turawa ne daga yankin Wales na Birtaniya, amma danginta sun daɗe da zama a tsibirin. Mahaifinta, James Rowland Williams, ya riƙe muƙamin daraktan ilimi na Jamaika. Tana da shekara 13 aka tura ta makarantar 'yan mata a garin Bath na Ingila. Da ta gama, ta sami gurbi a Kwalejin Somerville ta Jami'ar Oxford, amma ba ta shiga nan da nan ba. Guguwa da girgizar ƙasa sun yi wa Jamaika ɓarna, sai ta koma gida don ta taimaki iyayenta. Sai bayan rasuwar mahaifinta a 1916 ta sake komawa Ingila, ta fara karatun likita.

A wancan zamani ba a cika barin mata su karanci likitanci ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya buɗe musu ƙofa, domin samari sun tafi fagen daga, azuzuwa sun zama wayam. Jami'ar Oxford ba ta ma fara ba mata digiri ba sai a 1920. Cicely ta kammala horonta a asibitin King's College da ke Landan a 1923, sannan ta yi aikin shekara biyu a wani asibitin yara a unguwar Hackney, unguwar talakawa. A nan ta fara lura da wani abu da ya zauna mata har ƙarshen rayuwarta: likita ba zai iya warkar da yaro ba idan bai san gidan da yaron ya fito ba, da abin da ake dafawa a gidan.

Da yaƙi ya ƙare, maza suka dawo, aiki ya yi wa likitoci mata wuyar samu. Ta tafi Salonika ta ƙasar Girka, ta yi aiki a cikin 'yan gudun hijira. Ta dawo Landan ta karanci cututtukan ƙasashe masu zafi. A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke ta aiki, ta tura ta Gwalkwas, ƙasar da yanzu ake kira Gana. An ba ta wani muƙami na musamman na likita mace, wanda albashinsa bai kai na abokan aikinta maza ba.

Shekara bakwai a Gwalkwas

Ta yi aiki a Koforiduwa da Kumasi, sannan aka kai ta asibitin yara na Gimbiya Marie Louise da ke Akara, birnin da fataken Hausawa suke kira Ankara. Abu na farko da ta sauya shi ne zaman jinya. A asibitocin Turai na lokacin, akan raba yaro da uwarsa idan an kwantar da shi. Cicely ta ga cewa yaron da aka raba da uwarsa yakan ƙi cin abinci, ga shi kuma an raba shi da nono. Saboda haka ta bar iyaye mata su kwana tare da 'ya'yansu, su ciyar da su, su kuma koyi yadda ake kula da su. Ta kuma riƙa buɗe wuraren awo na yara masu lafiya, tana rubuta tarihin kowane yaro a kan kati.

Ba da daɗewa ba ta lura da wasu yara da ake kawowa, dukkansu da kama ɗaya. Shekarunsu daga 1 zuwa 4. Ƙafafunsu da hannayensu a kumbure, wani lokaci har fuska. Gashin kansu ya yi laushi, ya koɗe, ya koma jaja-jaja. Fatar jikinsu takan yi baƙi a wasu wurare, sannan ta saɓule kamar tsohon fenti a jikin bango. Suna fama da gudawa da gyambon baki. Ba sa wasa, ba sa dariya, sai ƙananan koke-koke. Mafi yawansu kuma mutuwa suke yi.

Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, jarirai sabbin haihuwa ba sa kamuwa da wannan ciwo. Jaririn da ke shan nono yakan yi ɓul-ɓul, ko da gidansu na talakawa ne. Sai yaro ya fara tafiya, a lokacin da ake zaton ya tsallake haɗari, sannan ciwon yake kama shi. Don ta gano dalili, sai ta shiga binciken gawarwakin yaran da suka mutu. Aiki ne mai haɗari, domin a lokacin babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su fenisilin. Wata rana ta yanke a hannu tana cikin wannan aiki, ƙwayar cuta ta shiga jininta, ta yi jinya mai tsanani. Da ta warke ta ci gaba. Abin da ta riƙa gani a cikin yaran shi ne hanta ta kumbura, ta cika da kitse.

Amma ba wuƙar bincike ce ta ba ta mabuɗin al'amarin ba. Tambaya ce. Ta riƙa tambayar ma'aikatan jinya 'yan ƙasa da iyaye mata da kakanni ko sun san wannan ciwo. Ashe sun san shi sarai, har suna da sunansa. Sunan shi ne kwashiyoko, kuma ma'anarsa ita ce ciwon da yaro yake kamuwa da shi idan an yi masa ƙane, wato ciwon yaron da aka sauke daga baya aka ɗora wani.

A nan ya kamata mai koyon Hausa ya ɗan tsaya, domin Hausawa ma sun san wannan hali, suna kuma da kalmominsa. Idan mace ta sami ciki alhali ba ta yaye ɗan da take goyo ba, akan ce ta yi kwanika, wasu kuma su ce rurrutsa. Yaron da ya lalace a dalilin haka, akan ce ya sha ciki. Tsofaffi sun ɗauka cewa nonon mai ciki ne yake cutar da yaro, shi ya sa akan yi gaggawar cire shi daga nono, a kai shi gidan kakarsa yaye. Bayanin nasu bai yi daidai ba, domin nonon mai ciki ba guba ba ne. Amma lurarsu daidai take: yaron da aka yaye ba shiri shi ne yake kumbura. Matan Akara sun ga abin da matan Bauchi da na Kano suka gani. Bambancin kawai shi ne, a Akara an sami likitar da ta ɗauki maganar mata da muhimmanci.

Da Cicely ta bi sawun abincin waɗannan yara, sai ta tarar da abu ɗaya. Bayan an cire su daga nono, ko nonon ya ragu domin uwa tana da ciki ko ta rasu, ba a ba su komai sai kokon masara da dokunu, wato wani irin tuwon masara mai tsami. Ciki yana cika, amma jiki ba ya samun abin da zai ginu da shi. A 1933 ta buga bayanin yara 20 a mujallar likitocin yara ta Archives of Disease in Childhood, ta ce ciwo ne na abinci da ke da alaƙa da cin masara zalla. Ta yi taka-tsantsan a rubutunta. Ba ta yanke hukunci ba, ta dai nuna cewa mai yiwuwa ne rashin furotin, wato sinadarin gina jiki da ake samu a madara da nama da ƙwai da wake, yana da hannu a ciki.

Manyan masana a Landan ba su yarda ba. Babbansu shi ne Dakta Hugh Stannus, wanda ya yi aiki a Nyasaland, wato Malawi ta yau, ake kuma ganin babu kamarsa a sanin cututtukan abinci na Afirka. A ganinsa, wannan ba sabon ciwo ba ne, felagara ce, wata cuta da aka daɗe da sani a cikin masu cin masara. A 1935 Cicely ta mayar da martani a mujallar Lancet da bayanin yara 60. Ta jera bambance-bambancen dalla-dalla. Felagara ta fi kama manya, wannan kuwa ƙananan yara. Ƙurajen felagara suna fitowa a inda rana take dukan jiki, kamar wuya da bayan hannu, na wannan kuwa a matsematsi da ɗuwawu da gwiwa, inda fata take gogayya. A kan wannan maƙala ce ta sa kalmar kwashiyoko a take. Shi ne karon farko da kalmar ta shiga rubutun likitanci.

Gardamar ba ta mutu nan da nan ba. A 1937 aka gano cewa rashin wani bitamin mai suna niyasin ne yake kawo felagara. Likitoci a Gabashin Afirka, cikinsu har da Dakta Hugh Trowell, suka gwada ba yara masu kumburi wannan bitamin, amma yaran ba su warke ba. Sannu a hankali aka gane cewa gaskiya tana wajen Cicely. Sai dai kafin nan ta riga ta bar Afirka. Ba ta iya rufe baki ba idan ta ga abin da bai dace ba, wannan kuwa ya jawo saɓani tsakaninta da shugabanninta. A 1936 aka ɗauke ta daga Gwalkwas aka tura ta Malaya, a can kudu maso gabashin Asiya.

Madarar gwangwani

Akwai wani abin mamaki a tarihin wannan mata. A Akara, maganin da ya fi yi mata aiki a kan yara masu kwashiyoko shi ne madarar gwangwani mai kauri da zaƙi, wadda take haɗawa da man hantar kifi. Amma da ta isa Singafo, inda ta zama malama a kwalejin likitanci, sai ta tarar wannan madara ce take kashe yara.

A Singafo ba 'yan yaye ne suke mutuwa ba, jarirai ne 'yan watanni. Kamfanonin madara sun ɗauki 'yan mata aiki, sun sa musu fararen kaya irin na ma'aikatan jinya, suna bi gida-gida a unguwannin talakawa suna nuna wa masu jego cewa madarar gwangwani ta fi nono. Uwa takan daina shayarwa, nononta ya ƙafe. Daga nan ba ta da zaɓi sai saye. Idan kuɗi ya gaza, sai ta tsinka madarar da ruwa mai yawa don gwangwani ɗaya ya daɗe. Ruwan ba a tafasa shi ba, kwalbar ba a wanke ta da kyau ba, ga zafin gari. Sai gudawa, sai rama, sai mutuwa. Waɗanda suka tsira kuma, wasu sukan makance saboda rashin bitamin A, wasu ƙasusuwansu su lanƙwashe. Madarar da ta zama magani a hannun likita ga ɗan shekara biyu, ita ce ta zama ajali ga jaririn da aka raba da nonon uwarsa saboda ita.

A 1939 ƙungiyar Rotary ta Singafo, wadda ta ƙunshi manyan 'yan kasuwa da jami'an gwamnati, ta gayyace ta ta yi jawabi. Ta sa wa jawabin take mai zafi, wanda ma'anarsa ita ce Madara da Kisan Kai. An ruwaito cewa shugaban ƙungiyar a lokacin babban jami'in kamfanin Nestlé ne. Ba ta sassauta ba. Ta gaya musu cewa tallar ƙarya a kan abincin jarirai laifi ne da ya cancanci hukunci mai tsanani, kuma mutuwar da ta biyo bayan irin wannan talla kisa ce. A ganina, a duk rayuwarta babu ranar da ta nuna jarumtaka kamar wannan, har da kwanakin kurkuku da za mu zo kansu. A kurkuku dole ce ta sa ta jure. A gaban 'yan Rotary kuwa babu wanda ya tilasta mata, kuma da ta yi shiru babu mai zarginta.

Duniya ba ta saurare ta ba a lokacin. Sai bayan shekara 42, a watan Mayu na 1981, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idojin tallar abincin da ake sa wa a madadin nono. Ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi. Nijeriya ta kafa tata dokar a 1990, kuma hukumar NAFDAC ce take lura da ita yanzu. Shi ya sa idan ɗalibi ya ɗauki gwangwanin madarar jarirai a kanti a kasuwar Wunti, zai ga an rubuta a jikinsa cewa nonon uwa shi ne mafi kyau ga jariri.

Kurkukun Changi

A 1941 Cicely tana jihar Trengganu ta Malaya, tana kafa wuraren kula da lafiyar mata da yara a ƙauyuka, sai sojojin Japan suka shigo ƙasar a watan Disamba. Ta ratsa daji da koguna ta isa Singafo, ta ci gaba da kula da yara a ƙarƙashin ruwan bama-bamai. Ranar 15 ga Fabrairu, 1942, birnin ya faɗa hannun Japan. Aka tsare ta a kurkukun Changi tare da sauran fararen hula Turawa.

A cikin kurkukun ta zama likitar mata da yara, har matan suka zaɓe ta shugabarsu. Abinci ya yi ƙaranci ƙwarai, yawancinsa farar shinkafa ce. A watan Oktoba na 1943, bayan an nutsar da wasu jiragen ruwan Japan a tashar Singafo, 'yan sandan ciki na sojan Japan suka kama mutane da dama bisa zargin leƙen asiri. Cicely tana cikinsu. Ta yi kimanin wata biyar a wani ƙuntataccen ɗaki mai kama da keji, tare da maza, cikin yunwa da ƙazanta, tana jin kukan waɗanda ake azabtarwa. Wasu daga cikin waɗanda aka kama tare da ita ba su fito da rai ba. Ita ta fito, amma ta kamu da beriberi, ciwon rashin bitamin B1, wanda ya bar mata mutuwar jijiya a ƙafafu har ƙarshen ranta. Masaniyar cututtukan yunwa ta ɗanɗana su a jikinta.

Duk da haka ba ta daina lura da rubutawa ba. Bayan an sake su a 1945 ta ba da rahoto a kan lafiyar mata da yara a tsare. Abin da ta fi alfahari da shi shi ne, an haifi jarirai 20 a wurin, dukkansu an shayar da su nonon uwa, kuma dukkansu sun rayu. Iyayen nan mayunwata ne, amma nononsu ya riƙe 'ya'yansu.

Sauran aikinta, da abin da ya biyo baya

A 1948 aka kafa Hukumar Lafiya ta Duniya, aka naɗa Cicely shugabar farko ta sashen lafiyar uwa da yaro a Janiba. A zamaninta ne, a 1950, aka tura masana biyu, Brock da Autret, su zagaya ƙasashe 10 na Afirka. Rahotonsu na 1952 ya tabbatar da cewa kwashiyoko ya bazu a nahiyar fiye da yadda ake zato. Tsakanin 1951 da 1953 ta koma Jamaika ta jagoranci bincike a kan wani ciwon amai da ke kashe yara. Binciken ya taimaka wajen gano cewa ɗanyen 'ya'yan itacen aki ne suke sa sukarin jinin yaro ya faɗi warwas. Wannan itace asalinsa na Afirka ta Yamma ne, Yarbawa suna ce masa ishin, Hausawa kuma gwanja kusa. Daga baya ta koyar a Landan, sannan a Jami'ar Amurka da ke Bairut daga 1960, inda ta yi aiki da 'yan gudun hijirar Falasɗinu. A 1972 ita da Dakta Derrick Jelliffe, wanda ya taɓa koyarwa a Ibadan, suka wallafa littafi a kan yadda za a kai hidimar lafiya ga uwa da ɗanta.

'Yan Nijeriya da yawa sun fara jin kalmar kwashiyoko ne a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sa'ad da yunwa ta yi wa yaran yankin gabas mummunar ɓarna. Wataƙila wasu ɗalibai sun ji labarin daga bakin kakanninsu. Wannan ya sa mutane suka ɗauka cewa ciwo ne na yaƙi da fari kawai. Ba haka Cicely ta same shi ba. A Akara babu yaƙi, babu fari, kasuwa cike take da kifi. Abin da ya faru shi ne, abincin kirki bai isa bakin ƙaramin yaro ba. Har yau haka abin yake a wurare da dama. Jihar Bauchi tana noma gyaɗa da wake da waken suya da riɗi, ga nonon shanu, ga zogale a bayan gida. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yaran jihar 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, alhali a ƙasar baki ɗaya kashi 37 ne cikin 100. Yaron da aka yaye da koko zalla, aka bar shi yana kokawar loma da yayyensa a kwano ɗaya, ba ya cin moriyar abin da ke rumbun ubansa. Da an dama masa kunun gyaɗa, ko an haɗa garin gero da na waken suya da gyaɗa, da labari ya sha bamban.

Ilimi bai tsaya inda ta bar shi ba. Bayan zamaninta an yi ta zuzuta batun furotin har aka wuce gona da iri, sai daga baya masana suka gane cewa kwashiyoko ba shi da dalili guda. Ƙarancin abinci gaba ɗaya, da kyanda, da gudawa, da rashin wasu sinadarai, duk suna da hannu. Magani ma ya sauya. A 1996 aka ƙirƙiro wani haɗi na gyaɗa da madarar gari da mai da sukari da bitamin, wanda ba ya bukatar dafuwa ko ruwa. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 magani da shi a Nijar, yawancinsu a yankin Maraɗi, kuma mafi yawansu a gida, a hannun iyayensu mata. Wannan kuwa ita ce hanyar da Cicely ta bi tun a Akara: uwa ce babbar ma'aikaciyar jinyar ɗanta.

Akwai kuma wani ɓangare da bai yi ƙarfi ba a zamaninta, amma gargaɗinta ya shafe shi. Shi ne ƙiba mai yawa a jikin yara. Kimanin rabin nauyin madarar da ta yaƙa a Singafo sukari ne. A yau lemon kwalba da biskit da alawa da taliyar leda sun shiga kowane lungu, har yaron da bai iya magana ba ya san su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 yara miliyan 37 'yan ƙasa da shekara 5 ne nauyinsu ya wuce kima. Bincike ya nuna cewa yaron da ya sha nono yadda ya kamata bai cika yin irin wannan ƙiba ba. Wani likitan Ingila, David Barker, ya kuma nuna tun a ƙarshen shekarun 1980 cewa wanda ya rasa abinci mai kyau tun yana ciki ko yana jariri ya fi fuskantar ciwon zuciya da ciwon sukari idan ya girma. Ke nan rama da ƙiba ba kishiyoyi ba ne kamar yadda ido yake gani. Sau da yawa a gida ɗaya ake samunsu, kuma tushensu ɗaya: abin da aka ba yaro a madadin nono, da abin da aka ba shi bayan yaye. Shawarar da ake ba masu jego a asibitocin Bauchi, wato nono zalla na wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci mai gina jiki har shekara 2, tana tsare yaro daga duka biyun. Mu Hausawa muna son ganin yaro ɓul-ɓul, muna yaba uwarsa. Yana da kyau mu riƙa tambaya, me ya sa shi ya yi ɓul-ɓul ɗin.

An karrama Cicely a ƙasashe da dama. Likitocin yara na Birtaniya sun ba ta lambar zinariya ta James Spence a 1965, Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar CMG a 1968, ƙasarta Jamaika ma ta ba ta lambar girmamawa. A 1986, shekara 50 bayan an ɗauke ta daga Gwalkwas, Jami'ar Gana ta ba ta digirin girmamawa. Ba ta taɓa yin aure ba, ba ta kuma haihu ba. Ta ci gaba da tafiye-tafiye da jawabai har ta haura shekara 90, tana cewa ta yi ritaya ne sai fa idan an neme ta. Ta rasu a Oxford ranar 13 ga Yuli, 1992, tana da shekara 98.